Goggo Fanta Ta Ƙi Dasa Kakawo

A unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, wadda mu 'yan unguwa muke ce wa Birik, in ka tambayi gidan Goggo Fanta ba wanda zai ce maka bai sani ba. Sai dai ka kalli fuskar wanda ka tambaya. Wani zai nuna maka da fara'a, wani kuma zai nuna maka da haɓa, ya ja tsaki. Ni ina cikin masu fara'ar, kuma wanda zai ji haushi ya daɗe bai ji ba. Sunana Mu'mina, tela ce ni, shagona manne yake da zauren gidanta, kuma yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Goggo Fanta ba haihuwar Yawunde ba ce. Can arewa aka haife ta, a wani ƙauye kusa da Guider, kuma da Fulatanci ta buɗe baki. Hausa a nan Birik ta koye ta. Shi ya sa har gobe in ranta ya ɓaci sai Hausar ta gudu, Fulatancin ya dawo, ta haɗa da Faransancin kasuwa ta watsa maka gaba ɗaya, kai dai ka tsinci abin da ka iya. Aure ne ya kawo ta. Mijinta Tahiru mahauci ne, mai tsire da kilishi a bakin titi, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Ita kuwa Allah ya yi ta da zafi, kuma ba ta taɓa neman afuwar kowa a kan haka ba.

Tsofaffin unguwa sun ce shekarunta na farko a nan kullum cikin mita take. Ɗaki ƙarami, lungu ƙarami, kwata a ƙofar gida, ko'ina kwano da siminti. Ranar da aka fara aikenta kasuwar Mokolo ta ga ana sayar da yakuwa a ɗan ƙulli, sai ta dawo ta tsaya a kan Tahiru ta ce, "Wane irin gari ka kawo ni, da ake sayen ganye?" Ta ce ko ya nemo mata inda za ta sa fartanya, ko ya mayar da ita tasha. Tahiru ya yi dariya, amma ya san matarsa, don haka ya fara cigiya.

Allah ya haɗa shi da wani dattijo mai suna Papa Ndzana, mutumin ƙabilar Eton, daga wani ƙauye bayan Obala. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, don ba na son a biyo ni da sammaci. Papa Ndzana manomin kakawo ne, wato 'ya'yan itacen nan da ake yin cakulan da su, kuma duk sanda ya shigo Yawunde sai ya tsaya wajen Tahiru ya ci tsire. Daga ciniki aka koma abota. Dattijon ya ce yana da fili a bakin hanya, dajin da ba wanda ya taɓa, su je su share su noma. Ba saye ba ne, ba haya ba ce, aro ne. Kuma ya kafa sharaɗi guda ɗaya: su shuka duk abin da ake girbewa a kwashe, masara, gyaɗa, wake, kuɓewa, amma kada su dasa itace ko ɗaya.

Wanda bai zauna da mutanen can ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A wajensu, wanda ya dasa itace a ƙasa ya ce ƙasar tasa ce. Masara baƙuwa ce, ta zo ta tafi. Kakawo kuwa in ya kama, ya kama ke nan har jikoki, kuma ranar da aka je gaban sarkin ƙauye ana jayayya, itacen ake nunawa a ce ga shaida. Tahiru ya ce ya ji ya yarda. A al'adarsu mai aron gona kan kai wa mai gona giya duk kaka. Tahiru ya ce wannan kam addininsa ya hana, sai aka daidaita a kan buhun masara da gishiri da kilishi. Papa Ndzana ya ce kilishin ma ya fi masa.

Haka Goggo Fanta ta samu gona, kuma mita ta ƙare. Ƙasarmu ta nan damina biyu gare ta a shekara, ita kuma ba ta bari ko ɗaya ta wuce ta. Ta kama mota zuwa Obala, ta hau babur, ta ƙarasa da ƙafa. Wani lokaci ta kwana can a wata 'yar bukka, ta dawo ƙafafu jajur da ƙasa, buhu a kai. Da mutanen Birik suka ga masara na shigowa gidan Tahiru ba da kuɗi ba, sai su ma suka bi sawu. Dangin Papa Ndzana suka ba su filaye a kewayen nata, duk a kan wannan sharaɗin. Sannu a hankali suka zama ƙungiya, har suka yi rajista, suka naɗa Haman shugaba. Haman ɗan unguwa ne, mai sayar da albasa a Mokolo, mai bakin magana, kuma ya yi makaranta daidai gwargwado. A gaban Goggo ya girma, ta sha ɗura masa kunu yana ƙarami.

Tahiru ya rasu yaransu ba su gama tasowa ba. Bai bar gida nasa ba, bai bar shanu ba, teburin tsire ma na haya ne. Gonar nan ita ta riƙe gidan. Daga gyaɗarta Goggo ke dama kunun da take sayarwa a ƙofar gida kowace safiya, daga masararta ake tuwo, abin da ya yi saura ya tafi makarantar yara. Yanzu yaran sun watse neman na kansu, kowa na fama da ransa, ba mai iya ɗaukar nauyinta. In aka raba ta da gonar nan, sai dai ta zauna ta jira abin da za a miƙo mata. Wanda ya san Goggo Fanta ya san gara ta mutu.

To, ana nan sai ga labarin tallafi. Gwamnati ta fito da wani shiri na manoman karkara a wannan yankin, wanda masu Faransanci ke ce wa subansiyon. Za a raba 'yan dashen kakawo kyauta a cikin baƙar leda, duk ƙungiyar da ta dasa, malamin gona ya zo ya gani da idonsa, kuɗi zai shigo wa kowane manomi ta waya. In dashen ya rayu ya kai wata damina, a sake biyan kashi na biyu. Waɗanda suka zauna a ofis suka tsara abin, Allah ya shirye su, ba su tambayi ƙasar wa za a dasa a kai ba. Su dai a dasa, a ɗauki hoto.

Haman ya dawo daga taron da aka yi kan shirin jiki na rawa. Ya tara 'yan ƙungiya a zauren Goggo Fanta, don ita ce babbarsu, ni kuma ina jin komai ta tagar shagona. Na ma tsayar da keke don kada wata kalma ta wuce ni. Ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce taki ya yi tsada, kuɗin mota ya yi tsada, tun da suke noma gwamnati ba ta taɓa sanin da zamansu ba sai yau, kuma su ma 'yan ƙasa ne. Duk wannan gaskiya ne, ban ƙi ba. Mutane suka ɗauki kabbara. Sai Goggo ta ce, "Haman, a ƙasar wa za ka dasa?"

Ya ce, "Goggo, ai ba dasawa za mu yi ta gaske ba. Mu jera su tsakanin masara, malamin gona ya zo ya gani, kuɗi ya shigo, mu tumɓuke abinmu. Wa zai sani?"

Ta ce, "Ni zan sani. Mutanen ƙauyen kuma makafi ne? Ta bakin gonakinmu suke bi su je rafi."

Ya ce, "Haba Goggo, Papa Ndzana ai ya rasu. Maganar da aka yi tun ba a haifi wasunmu ba?"

Nan fa Hausa ta gudu. Abin da ta faɗa da Fulatanci ba zan maimaita ba, amma na ga Haman ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Da ta dawo Hausa ta ce, "Mai gona ya mutu, mijina ya mutu, ni da aka yi maganar a gabana ban mutu ba. Ko leda ɗaya ba za ta shiga gonata ba. Ku ma in kuna da hankali ku bar kuɗin nan ya wuce, ba namu ba ne. Na masu ƙasa ne, su je su karɓa."

Matsalar Haman ita ce gonar Goggo ce a tsakiya, kuma ita ce a bakin hanya, inda motar malamin gona za ta tsaya. Yana tsoron a ga giɓi a fara tambaye-tambaye. Don haka bai bar ta ta huta ba. Ya turo mata matarsa da lallashi, ta koma da kunya. Ya turo dattawan masallaci, ta shimfiɗa musu tabarma, ta ba su kunu, ta ce musu su da suke wa'azin amana su gaya mata hukuncin wanda aka ba aro ya kafa turke. Suka shanye kununsu suka tashi. Har ni sai da aka biyo ta kaina, wai tana jin maganata. Na ce musu Goggo Fanta ba ta jin maganar kowa, kuma a wannan karon ni ma bayanta nake. Daga ƙarshe ƙungiya ta zauna ta cire ta, aka aiko a gaya mata. Tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ku gaishe su."

Aka dasa. Malamin gona ya zo, ya ɗauki hotunansa, bai ma tambayi giɓin ba. Kuɗi ya shigo wayoyi rana ɗaya, Birik ta ɗauki murna. Ni kaina na ci arzikin abin, don ɗinki ya yi ta shigowa kamar jajiberin salla. Mata suka riƙa wucewa ta gaban tukunyar kununta da sababbin atamfofi suna yada magana, wai wasu taurin kai ya hana su cin rabonsu. Ta ce musu, "Kunu za ku saya ko tallar zani kuka zo?" Amma na san abin ya yi mata ciwo, don a lokacin kwanon ɗakinta yoyo yake, da roba take tarar ruwa. Na ce mata, "Goggo, ko kin yi nadama?" Ta harare ni ta ce in koma kan kekena.

Tumɓukewar da Haman ya yi alkawari kuwa ba a yi ta ba. Yaya za a yi, ga kashi na biyu na jira? Kowa ya ce bari dai a ƙara haƙuri zuwa wata damina. Aka girbe masara, gonaki suka yi fili, sai ga 'yan kakawo tsaye a jere, kore shar, kowa na gani daga kan hanya. Kai, ba a daɗe ba sai ga mugun labari ya iso mana.

Magajin Papa Ndzana shi ne ɗansa Ekani, wanda ya daɗe yana aiki a Duwala kafin ya dawo gida. Shi da danginsa suka kai ƙara gaban sarkin ƙauye, suka ce Hausawa sun zo cin ƙasarsu da dabara. Samarin ƙauye suka shiga gonakin suka tumɓuke dashen tas, suka tara a bakin hanya. Aka aiko da saƙo Birik cewa aro ya ƙare, duk wani Bahaushe ya kwashe komatsansa, kada a sake ganin ƙafarsa. A wajensu kuwa duk wanda ya fito daga Birik Bahaushe ne, ko Bafulatani ne ko wane ne. Ba a ware kowa ba, har da Goggo Fanta.

Washegari da safe ta leƙo shagona ta ce, "Mu'mina, rufe. Za ki raka ni, Faransancinki ya fi nawa tsabta." Na ce ina da ɗinkin biki. Ta ce amarya ta ɗaura zani. Ta riga ta haɗa buhun masara da gishiri da kilishi, kamar yadda take yi kowace kaka. Muka kama hanya. Duk tsawon tafiyar jan carbi take.

Mun sami Ekani a ƙofar gidansa da wasu maza. Dogo ne, mai furfura a gefen kai, kuma ba shi da alamar mugu, sai dai ransa a ɓace yake. Da ya ga buhun ya ce mu mayar, ba ya karɓa. Na fassara mata. Ta ce, "Gaya masa ba roƙo na zo ba. Babansa ya ce kada a dasa itace, ban dasa ba. Saboda haka aka kore ni daga ƙungiya, aka yi mini dariya a unguwa. Yanzu shi ma zai kore ni da laifin da na ƙi yi? Ya tashi mu je gonar. In ya sami itace ɗaya da hannunmu ya sa, ni da kaina zan tafi, ba sai ya kore ni ba."

Ekani ya dube ta ya ce, "Mama Fanta, kin tabbata?" Ta ce ta tabbata. Aka ɗunguma, mutanen ƙauye na biye da mu, har mata da goyo.

Muka bi gonar kunya bayan kunya. Karan masara, ragowar gyaɗa, yakuwa ta yi ja, kuɓewa ta bushe a tsaye. Goggo na gaba tana taku ɗai-ɗai, tana nuna ƙasa da hannu tana cewa, "Duba da kyau, kada ka ce na yi maka sauri." Ni kuwa har na fara murmushi. Muna isa kusurwar ƙarshe, inda 'yar bukkarta take, sai Ekani ya tsaya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan fa?"

Goggo ta waiga ta ce, "Wanne?" Wallahi ni ma sai da na waiga ina neman abin da yake nufi. Zogale ne. Ya yi tsawo ya wuce bukkar, gindinsa ya kai kaurin cinya.

Ta yi dariya ta ce, "Wannan ai zogale ne. Miya ce. Gaya masa ganye ne, Mu'mina, kwaɗo ake yi da shi."

Na gaya masa, kuma da zuciya ɗaya na gaya masa. Mu tun da muka tashi wa ya taɓa sa zogale a sahun itatuwa? Abin da ake karya reshe a soka a jikin darni ya kama da kansa? In aka ce itace, mangwaro muke ji, ko goro, ko kakawo. Zogale kuwa wajen su yakuwa da rama muke ajiye shi. Shekara da shekaru tana tsinkar ganyensa, ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa ya shiga sharaɗin.

Ekani ya dafa gindin ya ce, "Yana da saiwa. Yana da gindi. Ya fi ni tsawo. Ba a girbe shi a kwashe. Irinsa ba ya fitowa da kansa a dajinmu. Wa ya dasa?"

Sai na ga fuskar Goggo ta canja. Ta ce, "Tahiru." Ta ce shekarar da suka share dajin, ya zo da sandar zogale daga gidan wani abokinsa, ya kafa ta don ya rataya gorar ruwa da rigarsa. Ruwa ya sauka, sanda ta yi toho. A gindinsa suke cin abincin rana, a gindinsa yake salla. Ta ce Papa Ndzana kansa ya sha zama a wurin ya ci kilishi, bai taɓa cewa komai ba.

Ekani ya ce, "Na yarda, ban ce kin yi ƙarya ba. Amma babana ba ya nan. In na bar miki wannan, gobe Haman zai zo ya ce kakawo ma miya ce. Jibi ɗanki ya zo ya dafa shi kamar yadda na dafa, ya ce ubana ne ya dasa, ga shaida. Ke kika ce itace ɗaya."

Na fassara mata. Raina ya ɓaci ƙwarai, na so in ce masa ya ji tsoron Allah, tsohuwa ce. Goggo ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Gaskiyarsa. Na ce in ya samu zan tafi, kuma ya samu. Amma tambaye shi, ni yake so ta bar ƙasar, ko itacen?" Ekani ya kalli dattawan da ke bayansa, sannan ya ce itacen. Ta ce, "A ba ni adda."

Wani saurayi ya matso zai sare mata. Ta daka masa tsawar da sai da ya ja da baya. Ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, ta yi bisimilla. Abin da ya fi ci mini rai shi ne saurin faɗuwarsa. Zogale ba shi da ƙarfin jiki, sara kaɗan ya kwanta. Abin da ya yi shekaru yana yi mata inuwa, kafin in goge idona yana ƙasa.

Ekani ya ce ya isa. Ta ce bai isa ba. Ta ce, "Kai ba ka san zogale ba. In na bar kututturen, ruwa ɗaya zai sake fitowa, ka ce na yi maka wayo. A ba ni diga." Aka kawo. Ta shiga haƙa, rana na dukanta, gumi na zuba, saiwar kuwa ta yi zurfi ta yi kauri kamar rogon shekara. Na ce, "Goggo, don Allah kawo in taya ki." Ta ce, "Ke kika aure shi?" Na koma gefe na yi kukana. Matan ƙauyen da suka zo kallo suka daina surutu, wata ta kawo ruwa ta ajiye kusa da ita. Sai bayan azahar saiwar ta fito. Ta ja ta har gaban Ekani ta yar.

Ta ce, "Saura me?"

Ya ce babu.

Ta ce, "To aika a ɗauki buhunka, na gaji da ganinsa." Ya aika aka ɗauka. Ya ce gonar tana hannunta kamar yadda take a zamanin babansa, ita kaɗai. Na zaci za ta yi godiya, amma ko kusa. Da ya ce samari su cike ramin, sai ta ce kada wanda ya taɓa. Ta ce, "Ku bar shi a buɗe. Duk ɗanka ko ɗana da ya zo da wata magana bayan ba mu, a kawo shi nan ya leƙa."

Kafin mu tafi ta zauna ta tsinke ganyen tas, ta cika zani biyu. Ko reshe ɗaya ba ta ɗauko ba, ta ce a ƙone.

Mun dawo Birik labari ya riga mu. Haman na tsaye a ƙofar gida, ya rame, ya yi zuru-zuru. Gona ta tafi, kashi na biyu ya tafi, kuɗin farko an daɗe da cinyewa, ga mutane sun sa shi a gaba. Na tausaya masa, Allah ya sani. Ya ce, "Goggo, kin kyauta. Kin je kin wanke kanki, kin bar mu a rana. Da kin tsaya tare da mu, da ba su iya korar mu duka ba."

Ta ce, "Da na tsaya tare da ku, da yau ba Bahaushe ko ɗaya da zai iya ɗaga ido a ƙauyen nan. Ni ma na biya, Haman, kuma abin da na biya ba ya shigowa ta waya. Matsa mini in wuce."

Ta dafa ganyen nan duka, ta daka ƙuli, ta yi kwaɗo babbar roba. Ta zuba a kwanuka ta ce in raba gida-gida, sadaka ce ga Tahiru, kuma in fara da gidan Haman. Wasu suka karɓa suka yi masa addu'a. Wasu suka dawo da kwanon yadda aka kai shi, ko buɗewa ba su yi ba. Na ajiye mata nata a gabanta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tura mini ta ce in kai wa yarana. Tun daga ranar ban sake ganin ta ci zogale ba.

Yau rabin matan lungunmu sun daina sayen kununta, suna tafiya har unguwar Madagascar su sayo wanda bai kai nata ba. Ta ce ƙafarsu ce. Ta rage tukunya, ta ƙara fita da ragowar zuwa bakin unguwar Cité Verte, inda ba wanda ya san ta balle ya yi mata fushi. Damina na faɗuwa ta kama motar Obala ita kaɗai. Gonakin da ke kewaye da nata duk sun koma hannun masu su, kuma an dasa musu kakawo na gaske.

Na sake raka ta sau ɗaya lokacin cirar gyaɗa. Da rana ta take, na ce mu shiga bukka mu ci abinci. Ta ce in shiga ni. Ta ɗauki kwanonta ta je bakin ramin ta zauna a ƙasa, ba inuwa ko ta tafin hannu, ta ci abincinta a nan. Da ta gama ta shimfiɗa ɗankwali a wurin ta yi azahar, sannan ta koma kan gyaɗarta.